Minti Tara Kowace Safiya

Litinin, 3 ga wata, 7:50 na safe

Minti tara. Agogo na duba, ba ƙiyasi ba ne. Daga sa lambar sirri zuwa lokacin da laftof ɗin nan ta ga damar buɗewa, minti tara cur, da'irar nan tana ta juyawa a tsakiyar allo. Sati guda ke nan ana haka. Tun da ba abin yi a mintocin sai kallon bango, na ɗauko tsohon littafin awo na juya bayansa, ga ni ina rubutu. Shekara ashirin da biyu ina aikin safiyo, ban taɓa rubuta komai a irin littafin nan ba sai lambobi.

Teburin Dogo yana nan yadda ya bar shi, da kofinsa da ƙaramar fankarsa. A ƙarƙashi kuwa sai wayoyi biyu a yashe inda rumbu ya zauna shekara shida. Rumbu shi ne sunan da muka sa wa baƙin akwatin da ke ajiye duk taswirorinmu. Kwamfutocin ofis daga cikinsa suke ɗiba, cikinsa suke zubawa. Litinin ɗin da ta wuce Dogo ya riga ni zuwa, ya zare wayoyin, ya rungumi rumbu ya tafi da shi gida. Abokin aikina ke nan, wanda muka fara da tebur ɗaya da tef ɗaya. Ko 'yar takarda bai bar min ba.

Kwamitin ladabtarwa na ƙungiyarmu zai zauna Alhamis, 20 ga wata. Mai gidan burodin da ke maƙwabtaka da fili mai lamba 114 ya kai ƙara, wai an ci masa iyaka. Suna son ganin asalin fayil ɗin awon, na cikin rumbu, su gwada shi da taswirar da na buga wa hatimi. In suka ga abin da bai yi musu ba, hatimina ne zai tafi. Safiyo ba hatimi kuwa ɗan yawo ne da tef a aljihu.

Ta buɗe.

Talata, 4 ga wata, 7:45 na safe

Jiya na goge duk wani tarkace da yara suka cusa mata, wasanni da hotuna da wani abin koyon lissafi. Na sa ta binciki kanta, ta kwashe awa biyu tana bincike ta ce lafiyarta ƙalau. Yau minti tara da daƙiƙa ashirin. Ƙaruwa ma ta yi.

In ta gama jan ajinta ta buɗe, foldojin rumbu guda uku suna nan a gefe, kowacce da jan gicciye a kanta. Na danna ɗaya don ɓacin rai, ta sake sandarewa.

Na kira Dogo sau huɗu. Tana shiga, ba ya ɗauka. Mutumin da ko a kan babur yake sai ya tsaya ya amsa waya.

Laraba, 5 ga wata, 7:48 na safe

Minti tara. Saura kaɗan in wurga ta ta taga.

Juma'a, 7 ga wata, 11:30 na safe

Na sauke ta wurin Injiniya, matar da ke gyaran kwamfuta a shagon ƙasa, kusa da kemis. Na ce mata ko bairos ne ko tsufa, ta sa mata duk abin da ake sawa. Ta ɗora tabaronta a hanci, ko sukudireba ba ta taɓa ba. Ta kashe intanet ɗin laftof, ta kashe ta, ta kunna. Daƙiƙa arba'in ta buɗe. Ta mayar da intanet ta sake kunnawa, muka zauna muna kallon da'ira kamar masu jiran mota.

"Baban safiyo, kwamfutarka ba ta da ciwo," in ji ta. "Ladabi ne ya yi mata yawa. In ba ta jin hanya, ta san ita kaɗai ce, sai ta tashi abinta. Da ta ji akwai hanya sai ta tafi ƙofar rumbunku. Folda uku kuka haɗa mata. Ta yi sallama a ta farko, ta tsaya minti uku ba a amsa ba, ta matsa ta biyu, haka har ta uku. Ga minti taranka."

Na ce to a hana ta sallamar mana.

"Danna biyu ne. In raba ta da rumbun gaba ɗaya, ta manta da shi. Sai dai duk abin da ta riƙe tana jiran ta kai masa zai bi ruwa. In raba?"

Na ce ta bari tukuna.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce to in riƙa kashe intanet kafin in kunna, ko wannan ma ya ishe ni. Na ce na ji. Ba zan yi ba. Dogo ya saita rumbun yadda ko daga gidansa ana samunsa in ya jona shi, kuma wata safiyar zai iya mantawa ya jona. Ba sai na yi wa mai gyaran kwamfuta bayanin harkar ofishina ba.

Lahadi, 9 ga wata, 4:15 na yamma

Yaya ya zo gida, yayan maman yara, mai filin 114. Ya zauna a kujerata, ya miƙe ƙafa, yana ba ni labarin katanga. Ta kai layi biyar, magina sun ce nan da sati za a ɗora ƙofar gareji, mota biyu za su shiga har da wurin buɗe murfi. Ya ce, "Ƙanina, kada ka sa wa ranka damuwa da wani kwamiti. Shayi za su sha su tashi."

Shi ba a kira shi ba, ai dole ya ce haka. Ba sunansa ne a jikin hatimin ba.

Shi ya riƙe maman yara tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta, shi ya ba ni ita. Ba ya taɓa faɗa da bakinsa. Yadda yake zama a kujerar mutum ne yake faɗa.

Da ya tafi na tsaya a ƙofar kicin ina kallonta tana wanke kofunan. Ba ta juyo ba ta ce, "Baban yara, ni dai ban ce ka yi ba." Gaskiya ne, ba ta ce ba. Sau uku dai ta tambaye ni a wancan satin ko na duba maganar Yaya, kuma sau uku ta ajiye min abinci ba tare da ta zauna ba.

Litinin, 10 ga wata, 7:52 na safe

Minti tara.

Na canza hanya da safe don kada in bi ta gaban gidan burodi, sai ga gyaran titi ya mayar da ni can. Motar fulawa tana tsaye a bakin babban titi. A da amalanke yake shiga lungun har ƙofar baya. Yanzu ma'aikatansa ne ke ɗaukar buhu a kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, suna karkacewa don su wuce tsakanin bangonsu da sabuwar katanga. Shi ma mai gidan burodin, tsoho da shi, yana cikinsu, ya ɗaure ƙugu da wani tsumma.

Wa ya ce ya ɗauka? Yana da ma'aikata shida. Don in gani ne kawai.

Laraba, 12 ga wata, 12:10 na rana

Na koma wurin Injiniya, na ce ina son sanin abin da ta ce laftof ta riƙe. Ta buɗe wani wuri da ban taɓa sanin akwai shi ba. Ta ce in mutum ya fita ofis da laftof, tana tafiya da kwafin fayilolin rumbu. In ya taɓa wani a waje, sai ta ajiye shi a layi, ranar da ta samu rumbu ta miƙa masa.

"Guda ɗaya ne a layin," in ji ta. "114. An taɓa shi Lahadi, 26 ga watan jiya, ƙarfe huɗu na yamma."

Ban tambaye ta rana ba, ban tambaye ta lokaci ba. Mutane sun iya ba da abin da ba a roƙa ba.

Na ce to ranar da rumbu ya dawo me zai faru. Ta ce in ba wanda ya taɓa na cikin rumbun tun lokacin, laftof za ta ɗora nata a kansa, na da ya tafi. Na ce za ta tambaye ni? Ta ce a'a, ko tari ba za ta yi ba, kafin in ajiye jakata an gama.

Na yi mata godiya na hau sama. Na sake kiran Dogo sau shida.

Alhamis, 13 ga wata, 7:47 na safe

Rumbun nan rabinsa nawa ne. Abin da ya yi sata ce, kuma zan faɗa masa a gaban matarsa.

Asabar, 15 ga wata, 2:00 na rana

Na je gidansa da safe. Na same shi a tsakar gida ya kwance sarkar babur yana wankewa da fetur. Ya ɗago ya ce, "Gajere, ka shigo mana," kamar jiya muka rabu. Shi kaɗai ke kirana haka, kuma yau ban ji daɗinsa ba.

Ta ƙofar falo ina hango rumbu a kan kabad. Matarsa har ta lulluɓe shi da ɗan kyalle mai fulawoyi.

Na ce na zo ɗaukar kayana. Ya ce, "Rabi ne naka. Wane rabin kake so, na sama ko na ƙasa?"

Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Na ce ya tsayar min da aiki sati uku, ya sa kullum ina zaune kamar wawa ina kallon allo, ya kunyata ni a gaban kwastomomi, ga kwamiti saura kwana biyar. Ya bar ni na gama tas, yana goge hannu da tsumma yatsa bayan yatsa.

Ya ce, "Surukinka ne ya turo min hoton taswirar a waya, ranar Lahadin da yamma. Godiya yake mana mu biyu. Mita ɗaya da santimita arba'in, Gajere. Kwana biyu na yi a filin nan cikin rana, na san inda kowane turke yake. Sunana ne a kan awon."

Na ce gyara ne aka yi.

"Wa ya yi?"

Na mayar da idona kan sarkar babur.

"Na san abin da kake so," in ji shi. "In mayar da rumbu, laftof ɗinka ta yi sallama, ya amsa, aikina ya ɓace ba hannun kowa. Ka je ka ce wa kwamiti ga asali. Nan da shekara kai ma ka yarda haka aka auna."

Nan na faɗa masa wata magana game da gidansa, da dalilin da ya sa shi ba shi da wanda zai zo ya zauna masa a kujera. Ba zan rubuta ta ba. Matarsa tana bayan labule, na ga ƙafarta ta ja baya. Shi kuwa ya sunkuya ya ci gaba da wanke sarkarsa, ni na fito ba sallama.

Har yanzu raina a ɓace yake. Shi ya ja.

Litinin, 17 ga wata, 7:46 na safe

Minti tara. Na zauna na kalle ta daga farko har ƙarshe, ban rubuta komai ba sai yanzu. Folda ta farko, ta biyu, ta uku. Ba a amsa ba.

Talata, 18 ga wata, 5:20 na yamma

Sakataren kwamiti ya kira ya tuna min jibi ƙarfe goma, in zo da fayil ɗin a bugge da kuma a filashi, da hatimina. Na ce me hatimi zai yi a wurin. Ya ce ƙa'ida ce, kowa da nasa yake zuwa.

Maman yara ta goge min farar rigata tun yau ta rataye. Ta ce Yaya ya ce in faɗa musu na'ura ce ta lalace, fayil ya ɓata. Na ce Yaya ya zama safiyo ke nan, har da lauya. Ta ce ita saƙo aka ba ta. Na ce kowa a gidan nan saƙo ake ba shi, ba mai yin komai da hannunsa, katanga ma da kanta ta tashi. Ta tsaya riƙe da dutsen guga tana kallona, ta ce, "Ni kake wa faɗa, ko wa?"

Na fita na zauna a mota.

Laraba, 19 ga wata, 7:41 na safe

Daƙiƙa talatin da biyar.

Ko littafin ban gama buɗewa ba. Na leƙa ƙarƙashin teburin Dogo, ga rumbu a wurinsa, koriyar fitilarsa tana ƙiftawa. Kofinsa da fankarsa babu. A saman rumbun ya manna takarda da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: "Ban ajiye kwafi ba." Dogo yana da halaye da yawa masu ban haushi, amma ƙarya ba ta ciki.

Jajayen gicciyen sun tafi. Na ce shi ke nan, an gama. Sai ga wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo. Wai akwai 114 guda biyu, na laftof da na rumbu, kuma ba su yi daidai ba. Wanne za a ajiye?

Laraba, 9:05 na safe

Na hawo da Injiniya. Na ce ba ke kika ce ba za ta tambaya ba? Ta duba, ta yi ɗan murmushi wanda bai yi min daɗi ba.

"Cewa na yi in ba a taɓa na rumbun ba. An taɓa shi jiya ƙarfe biyar. Ba a canza awo ba, ɗigo ɗaya aka ƙara a wurin bayani aka adana. Shi ke nan ya zama dole ta tambaya. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa."

Ta nuna min maɓallan da bakin biro. In na zaɓi na laftof, na rumbu ya tafi. In na zaɓi na rumbu, na laftof ya tafi. Akwai na uku, a ajiye duka biyun gefe da gefe, kowanne da ranarsa. Wannan ma ai gara in kai musu kaina a faranti.

Na ce ta yi duk abin da ya dace a ƙa'idar aikinsu, ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Ta mayar da biron aljihu.

"Ni gyara nake yi, Baban safiyo. Wannan ba lalacewa ba ce."

Ta sauka abinta.

Laraba, 4:40 na yamma

Yini guda akwatin yana nan a allo. Na fita na dawo, yana nan. Na jona caja don kada ta mutu ta yanke hukunci da kanta, sai kuma na kama kaina ina tunanin zare cajar.

Lissafin ba wuya. Na laftof ya yi daidai da taswirar da na buga wa hatimi, layi bisa layi. In na kai shi, kwamiti zai sha shayi ya tashi kamar yadda Yaya ya ce, tsoho ya ci gaba da ɗaukar buhu. Na rumbu kuwa ko ɗalibin shekarar farko ya ɗora shi a kan taswirar zai ga tazarar.

Abin da ke ƙona min rai shi ne da Dogo ya bar laftof ɗin ta yi shiru, da yanzu ina gida. Kwana ashirin da uku yana riƙe da rumbun nan, ashe ba ɓoye min shi yake ba, jira yake in iso inda ba wanda zan ce shi ne. Munafuki. Dogon banza.

Ni na ja layin. Ranar Lahadi, a teburin cin abinci, Yaya yana tsaye a bayana yana cewa ƙara kaɗan. Na rubuta, ga shi nan.

Alhamis, 20 ga wata, 8:15 na safe

Na zo tun bakwai da farar riga. Na zauna, na ɗora yatsa, na ɗauke, na zagaya ofis, na dawo. Na tuna ranar da aka ba ni hatimin nan, yadda na yi ta buga shi a bayan tsofaffin takardu don kawai in ga sunana. Na ciro shi daga aljihun tebur na auna nauyinsa a tafin hannu. Ba shi da wani nauyi.

Na danna na rumbu.

Ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Ba ta ce ka tabbata ba, ba ta ce sannu ba. Akwatin ya ɓace, 114 ya zama guda ɗaya, turken Dogo yana inda ya kafa shi. Na buga kwafi uku, na sa a filashi.

Ba don Dogo na yi ba, kada ya ɗauka. Har yanzu ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi.

Alhamis, 5:30 na yamma

Shekara guda aka dakatar da ni. Shugaban kwamiti ya sa hatimin a ambulan, ya lashi bakin ya manne, ya rubuta sunana a baya. Sun ce da na kawo musu wani labari da ba shekara za a yi maganar ba. Ban ce na gode ba. Mai gidan burodi yana zaune a ƙarshen benci, hularsa a gwiwa. Da aka karanta cewa katanga za ta koma baya, bai dube ni ba, hannunsa kawai ya kai ƙugu ya danna.

Yaya ya kira sau tara. Ban ɗauka ba, sai ya koma kiran maman yara. Ta kalli wayar tana ruri a kan tebur har ta gaji ta yi shiru, sannan ta kashe ta gaba ɗaya ta sa a aljihun kabad. Ta kawo abinci ta zauna.

Kwamiti ya ce a sake awon a gaban ɓangarorin biyu. Ɗazu Dogo ya turo saƙo, na farko cikin kwana ashirin da huɗu: gobe ƙarfe bakwai a filin, in zo da takalmin aiki. Shi zai auna, shi zai sa hannu. Ni zan riƙe masa sanda, a gaban Yaya, a gaban magina.

Na ciro takalman na kakkaɓe.